Kwalbar da Kaka Ta Fasa

Shekara biyu ke nan da dawowarmu daga Dahomi, amma har yau 'yan ajinmu sun hana ni sakat. Wai da gaske ne mutanen can ba su san tuwon gero ba, wai da gaske ne dorina ta haɗiye mana jaki. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma duk lokacin da na maimaita sai dorinar ta ƙara ƙiba, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kafin ta kai girman masallacin Juma'a. Sai dai dole in fara da laifina, don ni na jawo tafiyar.

Yayata Hassi tana da ciki wata huɗu a lokacin, ta dawo gidanmu a Kurgu saboda mijinta ya tafi fataucin goro. Cikinta na uku ke nan. Ɗanta na fari, Bala, yana da shekara biyar amma bai taɓa cewa ko "Inna" ba, tsayinsa kuma bai wuce na ɗan yaye ba. Na biyu bai zo da rai ba. Da na ukun ya shiga sai maƙoƙon da ke wuyanta ya soma tasowa, har in ta kwanta rigingine numfashinta yana fita da ƙara kamar ana busa sarewa. Maƙoƙo ba abin kallo ba ne a wajenmu, je ka bakin rijiya da safe ka gani. Amma malamin asibitin Bagudo da ya duba ta bai ɗauke shi da wasa ba. Ya ce akwai wani sinadari, aidin, da ƙasarmu ba ta da shi sosai, don haka hatsinmu ma bai da shi. Ɗan da ke ciki daga jikin uwa yake samu, in ya rasa tun da wuri, abin da ya sami Bala yana iya samunsa. Ya ba ta 'yar kwalba mai tsawon yatsa, da wani ruwa ja mai duhu a ciki. Ɗigo ɗaya a cikin madara, ranar Juma'a kaɗai, kada a ƙara ko kaɗan. Ya ce ita ce ta ƙarshe a wurinsa, wata ba za ta iso ba sai hanya ta bushe.

Ni kuwa malaminmu ya taɓa nuna mana a aji cewa aidin in ya taɓa gasara launi yake sauyawa. Rannan da safe ana shan koko, na saci kwalbar, na tara ƙannena na ce su zo su ga siddabaru. Na ɗiga a kwano. Koko ya koma shuɗi baƙi ƙirin kamar ruwan marina. Yara suka watse da ihu, na ɗaga kai sai ga Kaka tsaye a kaina.

Kaka uwar Babanmu ce, maƙoƙonta ya kai ƙwaryar awo, kuma tana ɗauke da shi kamar sarauta. Dama tun farko ba ta yarda da maganin ba, ba ta kuma yarda da madarar ba, don a wurinta mai ciki in ta sha madara ɗa ƙato yake yi ya ƙi fita.

"Wanga abu za ku ba jikata?" ta ce. "Abin da ya rina koko, mi zai yi ma ɗan cikin mutum?"

Kafin in buɗe baki ta ɗora kwalbar bisa dutsen niƙa ta sauke mata ɗan dutse. Yaya Hassi ta fito daga ɗaki. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta dubi tabon da ke kan dutsen, ta dubi Bala da ke zaune yana cin ƙasa, ta koma ciki. Da ta mare ni da na fi jin daɗi.

Baba yana kwance, kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu. Ya aike ni Bagudo in faɗi abin da na yi da bakina. Malamin asibiti ya murɗe mini kunne har na ji ƙarar ganga a ciki, sannan ya rubuta takarda zuwa wata ungozoma da ke wani ƙaramin asibiti a tsallaken iyaka, wajen Segbana. Ya ce kowace Juma'a da ta wuce hasara ce. Da aka zo maganar wanda zai tafi, Kaka ta miƙe. Ta san hanyar tun tana tallan gishiri da kanwa, tana jin Dandanci da Fulatanci.

"Ni na fasa, ni za ni ɗauko," ta ce. "Amma ku sani, ɗaukowa daban, bayarwa daban. Sai na ga abin da idona ya yarda da shi." Ta juyo gare ni. "Kai kuma angona, tashi ka ɗaura ma jaki akumari, tunda kai ne boka."

Wannan maganar ce ta bi ni duk hanya. Ko mun samu, ba lalle ta bari Yaya ta sha ba.

Mun isa mafitar Tuga da hantsi. Damina ce, kogin Kwara ya cika ya batse, tsallaken ya yi nisa har itatuwan can kamar tsintsiya. Mai fito, wani Basarke masunci mai ido ɗaya, ya ce jaki ba zai shiga jirgi ba, sai dai ya yi iyo a gefe, ni in riƙe igiya in ɗaga masa kai. Na linke takardar na sa cikin hula don kada ta jiƙe, ina jin kaina mai dabara. Mun kai tsakiya, inda ruwa ke juyawa, sai wani abu ya yi huci daga gefen ciyayi. Mai fito ya daina waƙa. Ya ce a hankali kada kowa ya motsa. Gaskiyar magana ni kunnuwa biyu kawai na gani da ɗan hanci, sauran dorinar da nake ba ku labari duk ni na ƙera ta. Amma jaki ya ji warinta. Ya fizge, jirgi ya karkata, ruwa ya shigo har cinya, hulata ta faɗa. Kaka da ke salati ta miƙa sandarta ta kamo hular ba tare da ta katse salatin ba.

Da muka fita gaɓa na buɗe takardar. Tawada ta narke, ba abin da ya saura sai shuɗin tabo.

"Kai duk abin da ka taɓa sai ya yi shuɗi," in ji Kaka.

Na ce mu koma a sake rubutawa. Ta dubi ruwan, ta dubi jakin da ke rawar sanyi, ta ce wanda ya ƙetare wannan sau ɗaya ba ya neman na uku. Muka yi gaba ba takarda.

A Kaoje muka sauka gidan wata tsohuwar ƙawarta da suka yi talla tare. Suka rungume juna, wuya ya tokari wuya. Matar ta ba mu tuwon dawa da miyar kuka, ta ji labarinmu, ta goyi bayan Kaka ɗari bisa ɗari, ta ƙara da cewa wata a garinsu ta sha maganin asibiti ta haifi ɗa da haƙora. Na ce ai wannan sauƙi ne, ba sai an sha wahalar yaye ba. Aka kore ni zaure in kwana da sauro. Sauron Kaoje ba cizo yake yi ba, ɗauka yake yi ya kai gida. Amma ba shi ya hana ni barci ba. Ranar Juma'a ce, ta farko da ta wuce Yaya ba ta sha komai ba.

Daga nan kwana biyu muka yi cikin laka da dogon ciyawa kafin Tsamiya, garin bakin iyaka. Iyakar da ake ta faɗa, na zata katanga ce. Ashe gora ce aka gitta a hanya, da rumfa, da jandarma biyu, wato 'yan sandan can, cikin gajeren wando. Mutanen Dahomi sun sami 'yancinsu ba da jimawa ba, namu kuma saura makonni, saboda haka sabuwar tutarsu tana sama, kuma duk wanda ya zo sai ya cire hula ya gaishe ta. Na cire, na rusuna har ƙasa, na yi mata sannu da hutawa. Babban jandarman bai yi dariya ba. Yana jin Hausa tsaf.

"Ɗan Ingilishi, ina takardarku?"

Na miƙa masa tabon. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Wannan mene ne?"

"Turanci ne, ranka ya daɗe. Haka yake in ya jiƙe."

"Ku koma inda kuka fito."

Kwana huɗu a hanya, ga gora guda ta tsayar da mu. Kaka ta sauko daga jaki a hankali, ta zauna a kan tabarmar sallarsu, ta soma yi masa Dandanci. Ban ji abin da take faɗa ba, amma na ga tana nuna hanya, tana nuna gorar, tana nuna wuyanta. Daga baya ta ce mini ta gaya masa ta bi hanyar nan da kaya a kai tun uwarsa ba ta yi wayo ba, ba ta taɓa ganin ƙasa ta tsage a wurin ba. Ta kuma ba shi labarin Bala. Sai jandarman ya ce a gidansu ma akwai irinsa, ƙanensa ne. Ya ba mu kwana uku, ya riƙe jaki, ya ce in rana ta uku ta faɗi ba mu dawo ba jaki ya zama ɗan Dahomi.

Muka shiga a ƙasa. Abu na farko da ƙasar ta yi mini shi ne ta nemi kashe ni. A wajenmu mota hagu take bi, su kuwa dama. Na hango wata babbar mota, na kauce gefen da na sani, ashe gabanta na shiga. Kaka ta fizgo ni ta wuyan riga, direba ya wuce yana zagina da Faransanci, zagin ma kamar waƙa.

Tafiyar ƙasa ta ci ƙarfin Kaka. In ta hau tudu sai ta tsaya ta dafa ni, numfashinta yana irin ƙarar na Yaya. Ban taɓa lura ba sai ranar. Da yamma muka faɗa wata ruga, uwargidan rugar, Dije, ta karɓe mu da ƙwaryar kindirmo. Muna zaune ta ɗora madara a wuta, ta tsinko tumfafiya ta daka, ta tace ruwan a ciki. Kaka ta dafe ƙirji. Tumfafiyar da ake hana yara taɓawa don kada ta makantar da su. Madara ta tsinke ta dunƙule, Dije ta tsane ta a 'yan kwanduna, ta jefa cikin ruwan karan dafi, ta fito da ita ja wur. Wagashi suke ce mata. Yara suka rufa a kai. Cikin masu ci har da surukar Dije, da ciki haihuwa yau ko gobe, tana ci tana korawa da madara.

Kaka ta kasa haƙuri, ta tambaya da Fulatanci ko ba su tsoron ɗan ya yi ƙato. Dije ta yi dariya, ta ce na biyar ke nan, kuma in mai ciki ba ta sha madara a ruga ba, me za ta sha, iska? Ni na ci wagashi guda uku don in nuna jarumta. Kaka ta zuba mini ido tana jira in makance. Da ta ga ina ganin hanyar ƙwarya sarai, ta gutsuri kaɗan ta tauna. Sai ta nemi ƙari.

Kashegari da azahar muka isa garin da ungozomar take. Burodinsu dogo ne kamar sanda, da shi za ka iya kora akuya sannan ka ci. Doya suke kirɓawa a turmi maimakon gero. Asibitin ɗaki biyu ne da baranda, mata masu ciki sun yi layi. Ungozomar baƙar mace ce doguwa daga bakin teku, kowa Madam yake ce mata, tafintanta kuwa wani tsohon soja ne da ya iya Hausa.

Tunda ba takarda, sai baki. Kaka ta ce in yi bayani tunda ni ne ɗan boko, kuma nan na yi wautata ta biyu. Da na ga mata sun kewaye ni suna saurare, sai bakina ya ɗauke ni. Na ba da labarin koko, na kwaikwayi tafiyar Kaka, na nuna yadda ta ɗaga dutse sama da kai, na ce ƙarar fashewar kwalbar har Bagudo an ji ta. Mata suna ta dariya. Tsohon soja yana juyawa kalma bayan kalma, bai zubar da ko ɗaya ba. Madam ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta yi magana gajeriya.

"Ta ce ba za ta bayar ba," in ji tafinta. "Ta ce kwalaben da ke gare ta kaɗan ne, ga masu jira. Ba za ta ba wadda za ta je ta niƙa ba."

Na ce ƙarya nake yi, ƙari na yi. Tafinta ya ce kwalbar ta fashe ko ba ta fashe ba? Na tuna fuskar Yaya a bakin dutsen niƙa, na durƙusa ba tare da na yi niyya ba.

Kaka ta matso ta tsaya gaban Madam.

"Gaya mata ni na fasa, kuma ban ɓoye ba. Na ga ya rina koko. Ni ban yi boko ba, idona shi ne littafina."

Madam ta dube ta, ta sa hannu ta taɓa wuyanta ta ko'ina, ta tambayi watannin cikin Yaya, ta tambayi Bala. Sannan ta aika aka kawo kofin madara. Ta ɗauko kwalba irin waccan, ta ɗiga ɗaya, ta ajiye kofin a kan tebur.

Tafinta ya ce wa Kaka, "Ta ce maƙoƙonki ya tsufa, wannan ba zai sauke shi ba, ɗigo ɗaya kuma ba zai cuce ki ba. In kin sha a gabanta, ta yarda ba za ki fasa ba. In ba ki sha ba, ku sauka lafiya."

Ku da kuke dariya, ku sani Kaka ba wasa take yi ba. Har zuciyarta ta yarda guba ce. Ta daɗe tana kallon kofin.

"Angona," ta ce, ba ta dube ni ba. "In na faɗi, akuyata ta Hassi ce. Tasoshina a raba ma ɗiyan Babanka mata. Kai kuma kada a ba ka ko ludayi."

"Kaka, bari in sha a madadinki."

"Kai wa ya damu da kai? Ni anka ce."

Ta yi kalmar shahada, ta ɗaga kofin ta shanye. Ta je ta zauna a gindin bango ta fuskanci gabas, ta miƙe ƙafa, tana jira. Na zauna kusa da ita. Madam ta ci gaba da duba matanta, lokaci lokaci tana leƙowa. Inuwa ta tashi daga ƙafafunmu ta hau bango. Aka kira la'asar. Kaka ta taɓa cikinta, ta zaro harshe ta ce in duba ko ya yi shuɗi. Na ce ja ne kamar kullum, goro ya riga kowa.

"To tashi ka samo min sandar burodin nan," ta ce. "Yunwa nike ji."

Madam ta ba mu kwalbar, ta sa tafinta ya maimaita ƙa'idar sau uku, ya kuma ja kunnenmu cewa yawansa ma cuta ne ga ɗan. Game da madara ta ce Yaya ta sha, nono da kindirmo duka, suna gina uwa da ɗa. Amma saniya ba ta ba da abin da ba ta ci ba, shanun ƙasar da ba aidin madararsu kaɗan take ɗauke da shi, don haka kada a ce madara ta isa a ajiye kwalba. Ta ce mu nemi busasshen kifin teku a kasuwa a riƙa sa mata a miya. Muka samu ƙunshi guda, warinsa ya raka mu har gida, ƙuda na biye da mu kamar 'yan rakiyar amarya.

Mun iso gorar iyaka rana ta uku tana gab da faɗuwa, Kaka tana jan ƙafa, ni ina ɗauke da kayanmu duka. Jandarman ya kwance mana jaki, ya tambayi Kaka sunan maganin, ya rubuta a tafin hannunsa. A mafitar Tuga Kaka ta ƙulle kwalbar cikin ɗankwali a tsakiyar kanta, ta ce in jirgi ya kife kai ne ƙarshen nutsewa. Dorina ba ta fito ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi, Juma'a biyu ta wuce. Mun tarar da Yaya ta rame, a zaune take barci don numfashi. Daga ranar Kaka ta karɓi aikin. Kwalbar tana cikin lalitarta, ba mai taɓawa, ni ko kallonta aka hana ni. Kowace Juma'a da hantsi ita ke zuwa ruga da ƙafarta ta karɓo madara, ita ke ɗigawa, ta tsaya sai Yaya ta shanye.

Yaya ta haihu bayan an gama sussuka, cikin sanyi. Naƙudar ta yi tsawo, kuma Kaka har yau madara take ɗora wa laifin. Mace ce, aka sa mata Rabi. Yanzu tana tafiya, tana cizo, tana kiran sunan kowa a gidan. Wuyan Yaya ya ragu amma bai tafi duka ba. Na Kaka yana nan yadda yake. Bala yana da shekara bakwai, har yanzu bai yi magana ba.